Masoro don lafiya: mai wutsiya, baƙi, fari, gari ko kafso?

Duk wanda ya shiga layin masu kayan yaji a Kejetia ko kasuwar Aboabo a Kumasi ya ce a ba shi masoro, abin da zai fara ji shi ne, "Wanne kake so, Alhaji?" Akwai na gida mai 'yar wutsiya, wanda Asantawa ke kira esoro wisa. Akwai baƙi mulmulalle da ake shigowa da shi daga waje, da ɗan'uwansa fari. Akwai niƙaƙƙe a ƙullin leda ko a 'yar roba mai murfi. Sai na biyar da ya shigo 'yan shekarun nan, wanda ba a tire ake kasa shi ba: kafson kurkum da masoro, a kantunan magani da hannun masu talla a WhatsApp da TikTok, ana cewa yana maganin ciwon gaɓoɓi, suga, hawan jini, teɓa, har da matsalar da maza ba sa faɗa a zaure. Mai neman ɗanɗanon miya kawai, ko wanne ya ɗauka ya yi. Wanda ke neman masoro saboda lafiyarsa shi ya kamata ya tsaya ya yi lissafi, don bambancin biyar ɗin nan ya wuce na farashi.

## Me masoro ke yi a jiki

Zafin da ke cizon harshe daga wani sinadari ne mai suna fiferin, wanda masanin kimiyyar nan ɗan Denmak, Hans Christian Ørsted, ya fara ware shi a 1819. A busasshen baƙin masoro yakan kai kashi 2 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin ƙwayar. Ƙamshin kuma daban yake, wani mai ne mara nauyi da ke ɓoye a ƙwayar, da zarar an fasa ta sai ya fara bin iska.

Amfanin da ba a jayayya a kansa na ciki ne da maƙogwaro. Masoro yana tsinka yawu, yana motsa ruwan da ke narkar da abinci, yana dawo da sha'awar ci, shi ya sa wanda ya tashi daga zazzaɓi bakinsa ba daɗi ake yi masa farfesu ko koko mai yaji. Yana buɗe hanci na ɗan lokaci idan ana mura. Akwai kuma wani amfanin da ba a cika lura da shi ba: miyar da ta ji masoro ba ta neman gishiri da dunƙule da yawa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai hawan jini. Su manganis da bitamin K da sinadarin ƙarfe da ake jerowa a intanet, gaskiya ne suna ciki, amma cokalin shayi ɗaya na gari gram 2 ne da 'yar ɗoriya, kuma gida guda ne ke raba shi a tukunya ɗaya. Ba don su ake cin masoro ba.

Aikin da ya sa kamfanonin magani suka waiwaye shi a hanji da hanta yake. Waɗannan biyun kamar kwastan suke a bakin boda: duk abin da ya shigo ta baki sai sun tare shi, su sauya wa wani kama, su mayar da wani waje, kaɗan ne ke wucewa cikin jini. Fiferin yana kashe musu kuzari na 'yan sa'o'i. A 1998 masu bincike a kwalejin likitanci ta St. John's da ke Bangalo a Indiya sun ba wasu 'yan tsirarun mutane gram 2 na kurkumin, sinadarin da ke sa kurkum ya yi rawaya. Shi kaɗai, da ƙyar aka ga alamarsa a jini. Da aka haɗa shi da miligram 20 na fiferin, abin da ya shiga jini ya ninka kusan sau ashirin. Kusan duk tallan kafson da kake gani a kan wannan binciken ya jingina.

Abin da mai talla ba ya faɗa shi ne, ba kurkum kaɗai ke samun wannan sassaucin ba. An gwada a jikin mutane an ga fiferin yana ɗaga yawan wasu magunguna a jini: fenitoyin da kabamazafin na farfaɗiya, wanda aka fi sani da Tegretol, da furofanolol na zuciya da hawan jini, da tiyofilin na asma, da nebirafin na ƙanjamau, da rifamfisin na tarin tibi. Magungunan farfaɗiya kuwa, tazarar da ke tsakanin adadin da ke riƙe ciwon da wanda ke bugar da mutum 'yar kaɗan ce.

Sauran da'awowin, su kansa da suga da kitsen jini da rage ƙiba, mafi yawansu a jikin ɓeraye da ɗakin gwaji aka gani. Gwajin da aka yi da mutane ƙanana ne, galibi kuma haɗe da kurkum, ba a iya nuna ga rabon masoro a ciki. Babu likitan kirki da zai ce ka ajiye maganin suga ka koma masoro.

## Abin da za mu auna da shi

Abu biyar ne. Na farko, wane amfani kake samu, kuma kana iya sanin nawa ya shiga cikinka? Na biyu kuɗi, ba na ranar saye kaɗai ba, na wata uku ko shida. Farashi a Kumasi yana bin dala da kuɗin mota, abin da ka saya da Azumi ba shi za ka tarar da Layya ba, don haka kwatanta su da juna ya fi kiran adadi amfani. Na uku daɗewa, kuma wannan babbar magana ce a garin da damina ke zuwa sau biyu a shekara, ɗaki ya yi ta gumi wata da watanni. Na huɗu sauƙin aiki. Na biyar haɗari, wato algus, fumfuna, ƙwayoyin cuta, da karo da maganin asibiti.

## Masoron gida mai wutsiya

Masana tsirrai suna kiran sa Piper guineense. Yaɗo ne da ke hawa bishiyoyi a kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ka zuba 'yan ƙwayoyi a tafin hannunka ka duba: sun fi na waje ƙanƙanta, fatarsu ta fi santsi, baƙinsu yana da ɗan ja-ja, kowacce da 'yar lanƙwasasshiyar wutsiya. Ka tauna ɗaya. Zafin ba ya zuwa nan take, ƙamshi ne ke fara cika baki, sai zafi, sai ɗan ɗaci a ƙarshe. Shi ne masoron kakanninmu. Shi ke cikin kokon da ake layi a kansa bayan sallar asuba a Asawase, tare da citta da kanumfari da kimba, shi ke cikin yajin cicinga da lamurje da yajin jego. A ƙarshen ƙarni na 15 Turawan Fotugal sun riƙa ɗibar sa daga masarautar Benin zuwa Turai, daga baya sarkin Fotugal ya hana cinikinsa don kada ya karya darajar na Indiya.

Shi ma yana da fiferin, don haka abin da aka faɗa na ciki da yawu da hanci ya hau kansa. Farashinsa ya fi bin kaka da kuɗin mota fiye da dala, kuma ƙulli-ƙulli ake sayar da shi, mai sidi biyu ko biyar ma ba zai koma hannu rabbana ba. Wutsiyar nan kuma ita ce shaidarsa. Da wuya a yi masa algus, don babu wata ƙwaya mai araha da ke da irinta.

Rauninsa a bushewa yake. Ƙananan manoma da masu tsinta a kurmi ne ke shanya shi a rana, wani ya bushe ƙayau, wani a ɗaure shi da sauran danshi. Wanda bai bushe ba, kafin damina ta raba sai ka buɗe ka ji warin gumi, ka ga farin ƙura-ƙura a jikinsa. Irin wannan zubarwa ake yi, ba wankewa ba. Wasu nau'in fumfuna suna fitar da guba mai suna aflatoksin wadda ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Kafin ki biya, Hajiya, ki sunsuna, ki matse ƙwaya ɗaya da farce. Idan ta lotsa, ki wuce gaba.

Bayan fiferin, yana ɗauke da wasu sinadaran ƙamshi irin waɗanda ke cikin gyaɗar ƙamshi. A adadin miya da koko ba abin damuwa ba ne. Inda ake wuce gona da iri shi ne a cika tukunya da shi a dafa ana sha kullum, ko a tura shi kwalbar jiƙo da sunan ƙarin kuzari. A kuma tuna cewa binciken da aka yi a jikin mutane kusan duk a kan na Indiya ne, ba daidai ba ne a kwashe sakamakon a ɗora wa wannan. Sai abu biyu da ya kamata a faɗa ba kunya: ba a sa masoro a bentuwa, wato robar ɗura ruwa ta dubura, ballantana ta yaro, ba a kuma yin matsi da shi. Fatar wuraren nan tana da laushi, ƙuna da gyambo kawai zai bari.

## Baƙin masoro na waje, ƙwayarsa

Wannan shi ne Piper nigrum, asalinsa gaɓar Malabar a jihar Kerala ta kudancin Indiya, inda Vasco da Gama ya sauka a 1498 yana neman sa. Yau Biyetnam ce kan gaba wajen noma shi da fitar da shi, ga Birazil da Indunusiya da Indiya a baya. Ana ɗan noma shi a yankin kurmi na Ghana, amma na cikin kwalabe da fakiti galibi baƙo ne. Tun 'ya'yan suna kore ake tsinke su, a shanya har fatar ta yi baƙi ta yamutse. Zafinsa kai tsaye ne, ba shi da ɗacin na gida.

Idan abin da ka karanta game da kurkum da fiferin ne ya kawo ka kasuwa, to wannan ne masoron da ake nufi. Kuɗinsa yana hawa da sauka da dala. Hanya biyu ake samun sa: awo a kasuwa, ko kwalba mai abin niƙa a kai a manyan kantunan Adum da Kumasi City Mall. Ta biyun, rabin kuɗin na kwalbar ne da sunan kamfani. Dabara ita ce ka sayi kwalbar sau ɗaya, irin wadda kanta ke buɗuwa, ka riƙa cika ta da na awo. Wanda ba shi da ita, asanka da tapoli ko ƙaramin turmi sun wadatar.

A daɗewa babu kamarsa. Busasshiyar ƙwaya a kwalba mai murfi, nesa da murhu da taga, tana kai shekara biyu zuwa uku da ƙarfinta. Hasken rana yana sauya fiferin ya rage masa zafi, don haka wanda ya daɗe a kase cikin farar leda a bakin titi ya riga ya yi asara tun kafin ka saya.

Algus ɗinsa sananne ne a duk inda ake cinikinsa: busassun 'ya'yan gwanda. Daga nesa ba ka bambance su. Kusa kuwa, na gwanda sun ɗan yi tsawo, ba su da nauyi, launinsu ya fi karkata ga ƙasa-ƙasa. Ka watsa cokali ɗaya a kofin ruwa, masoro mai kyau yawancinsa nutsewa yake yi, 'ya'yan gwanda da holoƙon masoro su taso sama. Ko ka fasa ɗaya: cikin masoro fari ne mai tauri, ƙamshinsa ya daki hanci. Idan ka ga rabin cokalin yana yawo a saman ruwa, ka canza mai sayar maka.

Mutane da yawa suna ɗauka abu mai zafi haka ba ya ɗaukar cuta. Yana ɗauka. Tsakanin 2009 da 2010 mutum 272 a jihohi 44 na Amurka sun kamu da cutar salmonela, aka bi sawu aka tarar daga baƙin masoro da jan barkono ne da aka barbaɗa wa wani nama. Kayan yaji a ƙasa ake shanya su, tsuntsu da ɓera suna bi ta kai. Saboda haka abincin tsoho da ƙaramin yaro da mara lafiya, a zuba masoron tukunya tana tafasa, 'yan mintoci kafin a sauke, ƙamshin bai gudu ba, zafin wuta kuma ya yi aikinsa. Barbaɗa shi a kan rauni kuwa, wai ya tsayar da jini, a daina.

## Niƙaƙƙe

Shi ya fi sauƙi, shi ya fi arha a ranar saye, shi ne kuma wanda ban ba mai neman lafiya shawarar sa ba, sai in babu yadda za a yi. Dalilin farko, ba ka san abin da ke ciki ba. Ƙwaya kana iya dubawa, ka jiƙa, ka fasa. Gari kuwa ana iya cakuɗa shi da 'ya'yan gwanda, da ɓawo, da garin rogo ko masara, ido ba zai gane ba. Ko mai sayarwar ba ta da ha'inci, injin da ya niƙa shi ya niƙa barkono da gyaɗa da masara a ranar, wanda jikinsa ba ya son gyaɗa sai ya kiyaye.

Dalili na biyu, ba ya jimawa. Ƙamshin yana fara tafiya tun ranar niƙa, cikin 'yan watanni sai ka ga ana ninka cokali ana neman abin da rabin cokali ke bayarwa da. A nan arhar take komawa tsada. Gari kuma yana shan danshi fiye da ƙwaya, a daminar Kumasi ƙullin leda yakan dunƙule cikin makonni. Na kamfani da aka rufe a fakiti, mai lambar rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Ghana, da ranar lalacewa, ya fi na ƙulli aminci nesa ba kusa ba, amma shi ma a sayi ƙarami.

A ajiye garin inda hannun yara ba ya kai. An samu yaran da suka mutu bayan garin masoro mai yawa ya shige musu hanyar numfashi. Ɗura wa yaro shi a baki, da sunan magani ko horo, wasa da rai ne.

## Fari

Bishiyarsu ɗaya da baƙin. Wannan sai 'ya'yan sun nuna ake tsinka, a jiƙa su kamar mako guda, a murje fatar a shanya ƙwayar. Fiferin yana nan, amma wani kaso na ƙamshin ya tafi da fatar, jiƙon kuma yakan bar masa wani ɗan wari da ba kowa ke so ba. Ya fi baƙin tsada saboda wahalar aikinsa, musamman irin na Penja a Kamaru da ya samu rajistar kare sunansa a 2013. A lafiyance ba shi da wani fifiko. Masu girkin biki ne ke neman sa don kada baƙin ɗigo ya ɓata farar miya ko soyayyiyar shinkafa.

## Kafso

A nan ne ya kamata a fi natsuwa, don wannan ya bar sahun kayan miya ya shiga sahun magani, ko da a jikin kwalbar an rubuta cewa ƙarin abinci ne. Yawancinsu kurkumin ne da aka tace, a ƙara masa tsantsar fiferin, sau da yawa da sunan BioPerine, miligram 5 zuwa 20 a abin da ake sha a rana. Fa'idarsa ɗaya ce tak a kan sauran: idan kamfanin na gaskiya ne, ka san adadin da ka haɗiya. Akwai kuma gwaje-gwaje a kan masu ciwon gwiwa na tsufa da suka nuna kurkumin yana ɗan rage raɗaɗi, ko da yake ƙanana ne kuma na 'yan makonni ko watanni.

Wani zai ce, ai rubu'in cokalin shayi na masoro mai kyau, wato kamar rabin gram, yana iya ɗauke da fiferin da ya kusa miligram 20, me ya sa ake tsoron kafso ba a tsoron miya? Saboda na miya iyali ne ke rabawa, yana tafiya cakuɗe da tuwo da mai, yau an sa gobe ba a sa ba. Na kafso tsantsa ne, lokaci guda, kullum, wata da watanni, kuma yana rakiyar kurkumin da ya kai na cokula da yawa na garin kurkum, tunda kurkumin bai fi kusan kashi 3 cikin ɗari na garin ba. Wannan lissafin kuma gargaɗi ne ga mai shan cokalin masoro a zuma kowace safiya alhali yana kan maganin farfaɗiya. Shi ma ya shiga layin masu kafso bai sani ba.

Hantar ce ke ɗaukar nauyin. A 2019 hukumomin lafiya a Italiya sun tattara rahoton mutane da dama da hantarsu ta kumbura bayan shan kafson kurkum, da yawansu masu haɗe da fiferin. Likitoci a Amurka sun ba da rahoton irin haka, hukumar magunguna ta Ostareliya ma ta fitar da gargaɗi a 2023. Cibiyar gwamnatin Jamus mai auna haɗarin abinci, BfR, ta ba da shawarar kada baligi ya wuce miligram 2 na tsantsar fiferin a rana ta irin wannan hanya, mai ciki kuma ta bar shi gaba ɗaya. Ka kwatanta da abin da ke rubuce a kwalbar da aka tallata maka. Abin ba ya samun kowa, 'yan kaɗan ne cikin masu sha. Amma a Ghana ciwon hanta nau'in B ya yawaita, da yawa suna ɗauke da shi ba su taɓa gwaji ba, hantar da ke fama kuwa ba a ƙara mata kaya.

A kuɗi shi ne mafi tsada, da tazara mai yawa. Daga waje yake zuwa, kwalba ɗaya takan yi wata guda ko biyu, katin inshorar lafiya na NHIS ba ya biya, kuma kuɗin kwalba ɗaya zai sayi ƙwayar masoron da gida zai yi watanni yana ci. Yana da ranar lalacewa a jiki, amma zafi da danshi suna sa kafson ya manne tun kafin ranar. Wanda ake sayarwa a mota ko a turo maka ta waya ba lambar FDA, ba ka da tabbacin ko fiferin ɗin ma yana ciki, ko an ƙara wani abin da ba a rubuta ba.

Man masoro da ake sayarwa a 'yan kwalabe shi ma yana yawo. An yi ƙananan gwaje-gwaje a kan shaƙar ƙamshinsa, a Amurka a 1994 ga masu son barin taba, a Japan a 2006 ga tsofaffin da shanyewar jiki ta hana haɗiya. Shaƙa ce aka gwada, ba sha ba, kuma tsantsarsa yana ƙona fata.

| Nau'i | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Na gida mai wutsiya | Sauƙi zuwa matsakaici | Shekara ko fiye, in ya bushe sosai | Sai an daka | Fumfuna, yawan sha a jiƙo |
| Baƙi, ƙwaya | Matsakaici, yana bin dala | Shekara 2 zuwa 3 | Sai an niƙa | 'Ya'yan gwanda, ƙwayoyin cuta |
| Niƙaƙƙe | Arha a ranar saye | 'Yan watanni | Mafi sauƙi | Algus, danshi, shaƙewar yara |
| Fari | Ya fi baƙin tsada | Kamar baƙin | Sai an niƙa | Kamar baƙin |
| Kafso | Mafi tsada | Ranar da ke jiki | Haɗiya kawai | Hanta, karo da magani, jabu |

## Wa ya dace da wanne

Uwargida mai girkin yau da kullum, wadda ke son iyali su ci da daɗi a rage gishiri: ƙwayar baƙin masoro, a niƙa na mako ɗaya ko biyu, da ƙullin na gida a gefe don koko da farfesu. Mai son haɗa shi da kurkum, ya zuba su tare a miya mai ɗan mai, don kurkumin a mai yake narkewa. Abin da zai samu kaɗan ne, amma na kullum ne kuma ba ya tayar da hankalin hanta.

Mai sana'ar koko, cicinga ko wake da shinkafa: na gida, a sayi da yawa lokacin hunturu da iska ta bushe, a ƙara shanya shi kwana ɗaya, a zuba a roba mai murfi. A kai niƙa da kai, kada a sayi niƙaƙƙe.

Mai mura da kaikayin maƙogwaro: ɗan dakakken masoro, ko wanne, da citta a ruwan zafi da zuma, na 'yan kwanaki. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma, masoron ma ba nasa ba ne. Tarin da ya wuce mako biyu, ko ya zo da jini, rama da gumin dare, gwajin tibi yake so, ba ƙarin yaji ba.

Mai jego: yajin jego da na gida kamar yadda iyaye suka saba, gwargwadon abin da ciki ke ɗauka. Idan an yi miki aiki ko kina kan magani, ki faɗa wa ungozomar asibiti abin da ake ba ki a gida. Mai ciki kuwa, na cikin abinci ya isa, ba dafaffe a kofi ba, ba kafso ba.

Mai olsa, ƙwannafi ko basir: wani bincike a Amurka a 1987 ya nuna baƙin masoro yana ƙara ruwan ciki yana kuma ɗan goge fatar tumbi. Ba shi ke kawo olsa ba, amma yana iya tsokanar ta. A rage, in yana tayar da ciwon a bari. Farin ba mafita ba ne, fiferin ɗinsu ɗaya.

Mai shan maganin farfaɗiya, ƙanjamau, tibi, asma, zuciya, ko maganin tsinka jini irin wafarin: na miya kawai, yadda ka saba, kada ka ƙara kada ka mai da shi magani. Kafso ba naka ba ne sai likitan da ke duba ka ya ce to. Haka mai tsakuwar matsarmama da wanda aka sa wa ranar tiyata.

Sai dattijon da gwiwa ta hana shi sujada da daɗi, ya ji labarin kafso kuma ya ƙudura sai ya gwada. Baba, a fara da gwajin ciwon hanta. A sayi mai lambar FDA a kantin magani mai lasisi, a zaɓi mai ƙarancin fiferin, a nuna wa mai harhaɗa magani duk abin da ake sha, har da na gargajiya. Wanda ya fi natsuwa da maganin itatuwa, jami'ar KNUST ta Kumasi tana horar da likitocin wannan fanni, wasu asibitocin gwamnati a Kumasi suna da sashensu, ga kuma cibiyar binciken magungunan tsirrai ta Mampong-Akuapem da ke aiki tun 1975. A ɗiba masa wata biyu. In ba a ga sauƙi ba a daina, kada a ƙara yawa. In kuwa ido ya fara rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya kama ƙaiƙayi ko tashin zuciya ya ƙi tafiya, a tsaya a ranar, a tafi asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa da kwalbar a hannu.